Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana: wa ke riƙe da makullan manhajarku?

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Auyo, jihar Jigawa, ya turo min tambaya mai tsawo. Ga gundarinta: "Yaya, mu bakwai ne muka haɗu muka rubuta wata 'yar manhajar waya da ƙungiyoyin manoman shinkafa na yankinmu ke rubuta bashin taki da kuɗin ruwa a cikinta. Mun sake ta da lasisin GPL. Wanda ya fara aikin shi ne babbanmu, komai yana hannunsa. Yanzu ya samu aiki a birni, wata huɗu ke nan gyare-gyarenmu na jibge bai duba ba. Gudummawar da wasu ƙungiyoyi suka bayar ta asusunsa ta shiga, ba mu san nawa ya rage ba. Wasu cikinmu sun ce mu ɓalle. Wane tsarin shugabanci ya dace da mu, kuma yaya za mu bi ba'asi ba tare da zumunci ya lalace ba? Shi babban namu ɗan ƙanwar babana ne."

Ƙanena, tambaya biyu ka yi, amma ta uku zan fara amsa maka, wadda ba ka yi ba: makullai nawa aikin naku yake da su, kuma kowanne a aljihun wa yake? Na haura shekara goma ina sa hannu a ayyukan manhaja mai 'yanci. Na zauna da masu sarki, na zauna da masu majalisa, na zauna da waɗanda ke bugun ƙirji cewa su ba su da shugaba. Duk rigimar da na ga ta yi tsami, in ka tona, makulli za ka tarar a ƙasanta.

Kai ɗan yankin noman rani ne, ba sai na ja ka da nisa ba. Ruwan da ke bin magudana duk manomin da ke layin yana da haƙƙi a cikinsa. Amma je ka tambayi mai gonar can ƙarshen layi, wa ke da ruwa? Ba zai karanto maka dokar hukuma ba, zai nuna maka mutumin da ƙarfen buɗe ƙofar ruwa ke hannunsa. Mu a ƙasar Kura haka muka tashi muna gani. To lasisin GPL, wato takardar sharuɗɗan da kuka saki manhajar a kansu, shi ne haƙƙinku a ruwan, kuma wannan babu mai ƙwace muku shi.

Richard Stallman ya fara aikin GNU, na samar da manhaja mai 'yanci, a 1983, lasisin GPL na farko kuma ya fito a 1989. Abu huɗu ya ba kowa: ka yi amfani da manhaja yadda ka so, ka karanta tushen rubutunta ka gyara, ka ba wani kwafi, ka kuma rarraba naka gyararren. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ka ba, ka ba shi da irin 'yancin da ka samu. A nan Hausa ta fi Turanci sa'a, don su kalma ɗaya suke da ita ga kyauta da 'yanci, shekara da shekaru suna ta bayani, mu kuwa tun asali a rarrabe suke. Ma'anar wannan gare ku ita ce ɗan'uwan naka ba zai iya janye abin da aka riga aka saki ba. Ba zai kuma iya canza lasisin abin da ku shidan kuka rubuta ba sai da yardarku, muddin ba ku taɓa sa hannu a wata takarda kun sallama masa ba. Ko Linus Torvalds, wanda ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya so canza lasisinta shi kaɗai ba zai iya ba, don dubban mutane ke da haƙƙi a ciki. Inda kamfani ya tattara irin wannan izini a hannunsa kuwa, ana iya wayar gari a ga ya sauya. Haka kamfanin HashiCorp ya yi da manhajarsa Terraform a 2023, jama'a suka ɗauki kwafin ƙarshe mai 'yanci suka ci gaba da sunan OpenTofu.

Saura ƙarfen buɗe ƙofa. Ka samu takarda ka lissafa. Akwai asusun da tushen manhajar ke zaune, ko GitHub ne ko wani, da wanda ke da ikon shigar da gyara a ciki. Akwai adireshin shafinku na intanet, da imel da lambar wayar da aka yi masa rajista da su. Akwai sunan manhajar kansa, wanda manoma suka sani. Akwai asusun kuɗi. Akwai bayanan manoma, sunayensu da lambobinsu da bashin da ke kansu, waɗanda GPL ba ta da ruwa da su, amanar ƙungiyoyin ce, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane. Sai kuma wanda na tabbata rabinku ba su tuna da shi ba: makullin sa hannu na Android. Duk manhajar Android sai an hatimce ta da wani makullin sirri, ɗan ƙaramin fayil ne, kafin ta hau waya. Wayar ba ta yarda sabon zubi ya hau kan tsoho sai hatiminsu ya zo ɗaya. In wannan fayil yana cikin kwamfutar mutum ɗaya a birni, ko kun gyara komai, kun tura wa sakatarorin ƙungiyoyi ta Xender, ba zai hau ba sai sun goge tsohuwar. Wanda ya goge bai fitar da bayanansa ba, littafin bashin kaka guda na iya tafiya ke nan. Ka ƙiyasta irin idon da shugaban ƙungiyar manoma zai yi maka ranar.

Ni ma jiki magayi ne. Wani ƙaramin aiki muka taɓa yi mu huɗu, abokina guda ya yi rajistar adireshin da imel ɗinsa da layinsa, don shi ke da katin banki a lokacin. Ba wanda ya sake tunawa. Shekara ta zagayo, ina gida hutu, aka kira ni cewa shafi ya mutu. Ba na manta yammacin. Ina zaune a kan benci a shagon cajin waya na bakin kasuwarmu, janareta na ta ɓaɓatu, wayoyi a jere kan katako kowace da 'yar takardar lamba a manne a bayanta, kwamfutata a cinya. In danna "na manta kalmar sirri", a ce an tura lamba zuwa layin da ya ƙare da kaza. Na kira abokina a sabon layinsa, ya yi shiru, can ya ce ai wancan an zare masa shi tare da wayar a kasuwa tun bara, bai je an dawo masa da shi ba. Mai shagon ya ga na dafe kai, ya ce, "Malam, ko cajar ce?" Kafin mu gama kai-komo da kamfanin rajistar wa'adi ya wuce, wani ya saye adireshin ya cika shi da tallar caca. Abokina bai ci kwabon kowa ba, mutumin kirki ne har gobe. Mu ne muka rataya wa mutum ɗaya abin da bai kamata mutum ɗaya ya riƙe ba.

Yanzu tsarukan da ka tambaya. Kusan kowane aiki da sarki yake farawa, naku ma haka, kuma ba laifi ba ne. Wanda ya fara shi ya san inda ɗakin ke yoyo, yanke hukunci kuma ba ya ɗaukar mako. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya fito da Python, wani harshen rubuta manhaja, a 1991, mutanensa cikin raha suka yi masa laƙabin da in an hausantar zai zama sarkin yanka mai tausayi, wanda ba ya sauka sai mutuwa. Bai kai mutuwar ba. A watan Yulin 2018, bayan wata zazzafar muhawara a kan ƙara wata 'yar alama a harshen, ɗigo biyu da alamar daidai, ya yi nasara amma ya ƙosa. Ya rubuta cewa ya sauka, ba zai kuma naɗa magaji ba, su san yadda za su yi da kansu. Harshen da duniya ke amfani da shi, shekara kusan talatin, babu rubutacciyar hanyar yanke hukunci in babu shi. Wata biyar suka yi suna fafatawa kafin su tsayar da tsari, a farkon 2019 suka zaɓi majalisar mutum biyar, shi ma yana ciki.

Abin da nake so ka kwafa daga Python ba yawan kujerun ba ne, ƙananan sharuɗɗan ne. Ba a yarda fiye da mutum biyu a majalisar su zama ma'aikatan kamfani ɗaya ba. An rubuta cewa majalisa ta riƙa neman hanyar da ba sai ta yi amfani da ikonta ba. An kuma rubuta yadda ake tsige ta: ɗaya daga cikin 'yan aikin ya fito fili ya nemi ƙuri'ar yanke ƙauna, wani ya mara masa baya cikin mako guda, a buɗe ƙuri'a mako biyu, in kashi biyu cikin uku na masu jefawa sun ce ba sa yi, an sauka. Ko mutum ɗaya ake nufi ko majalisar ɗungurungum.

Linux har yau sarauta ce, amma irin tamu mai hawa-hawa. Gyara na bi ta hannun mai kula da ƙaramin sashe, ya miƙa wa na sama da shi, har ya kai ga Torvalds, kamar mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Tun 2004 duk wanda gyara ya bi ta hannunsa sai ya rubuta sunansa a jiki, don in ɓarna ta fito a san ta inda ta biyo. A watan Satumban 2018 Torvalds ya nemi afuwa a kan kaushin harshensa, ya ja gefe wajen wata guda. Aiki bai tsaya ba, domin akwai Greg Kroah-Hartman, wanda ya san aikin kuma makullai na hannunsa. Babu dokar da ta tilasta wa Torvalds, don kansa ya yi. Ka ga raunin tsarin ke nan: in sarki ya gyaru an gode Allah, in bai gyaru ba sai haƙuri ko ƙaura.

Debian, ƙungiyar 'yan sa kai da ke harhaɗa wani nau'in Linux, ita ce ta fi kowa nisa a ɗaya ɓangaren. Ian Murdock ya kafa ta a 1993, a 1997 suka rubuta alƙawarinsu ga jama'a, wanda a ciki suka ce ba za su ɓoye matsalolinsu ba, a 1998 kuma suka yi kundin tsarin mulki. Shugaba shekara ɗaya yake yi, sai a sake zaɓe. Masu ƙuri'a wajen mutum dubu ne a warwatse a duniya, kuma ba ɗan takara ɗaya kake dangwala wa ba, jera su kake yi daga wanda ka fi so. A kowace takardar zaɓen shugaba akwai gurbin "duk ba na so", in shi ya ci a sake lale. 'Yan aikin na iya soke hukuncin shugaba da ƙuri'a, suna iya sauke shi. Kuɗi da sunan Debian ma ba a hannunsa suke ba, wasu ƙungiyoyin amana ke riƙe da su, babbarsu SPI da ke Amurka. Wani saɗara a kundin nasu yana burge ni: babu abin da ke cikinsa da ya wajabta wa kowa yin aiki, amma ba a yarda ka tare wa dokokinsa da hukuncin da aka yanke hanya ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kada ka ɗauka kundi na hana faɗa. A 2014 Debian ta yi rigimar da ta kusa tsage ta, a kan wace manhaja ce za ta riƙa tayar da kwamfuta in an kunna. Kwamitin fasaha mai mutum takwas ya yi kunnen doki, huɗu da huɗu, shugaban kwamitin ya raba gardama ya zaɓi systemd. Aka yi ta cacar baki wata da watanni, mutum uku suka ajiye kujerunsu a kwamitin, wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. Amma Debian na nan daram, kuma bayan rigimar suka sa wa kujerun kwamitin wa'adi. Wanda aka kayar ya san ta hanyar da aka kayar da shi, ya san adadin ƙuri'u, ya san ƙofar da zai bi in yana son a sake dubawa. Sai dai ku bakwai ne. In kuka ɗauko kundin Debian sukutum, za ku ƙare da muƙamai sun fi mutane yawa, kamar wasu ƙungiyoyin samarin da na sani, har da mai binciken kuɗi na ɗaya da na biyu alhali asusu ba ko sisi.

Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999 don kula da ayyukan manhaja mai 'yanci, tana da ɗabi'u biyu da za su yi muku amfani fiye da kundi. Na farko, kowa cikin masu kula da aiki na iya hawa kujerar na ƙi a kan wani gyara, amma sai ya kawo hujjar fasaha. "Bai kwanta min ba" ba hujja ba ce, ƙin nasa bai hau ba. Na biyu, shawarar da ba a rubuta inda kowa zai gani ba, kamar ba a yi ta ba ne. In mutum ya rubuta abin da yake son yi, aka kwana uku ba wanda ya tanka, shirun yarda ne. Sabon zubi ba ya fita sai mutum uku aƙalla sun sa albarka, kuma kowane aiki na kai rahoto ga hukumar gidauniyar duk wata uku.

Haɗarin majalisa shi ne ta zama ita ke zaɓen kanta, ita ke binciken kanta. A watan Nuwamban 2021 kwamitin ladabtarwa na Rust, wani harshen rubuta manhaja, ya yi murabus gaba ɗayansa, yana kukan cewa manyan aikin ba sa ƙarƙashin tuhumar kowa sai tasu. Sai 2023 aka kafa sabuwar majalisar da kowane sashe ke tura wakilinsa. Sarki biyar da ba a iya saukewa ba su fi sarki ɗaya sauƙi ba.

Batun ɓallewa. Haƙƙinku ne, kuma ba irin rabon gandu ba ne da kowa ke fita da ɗan yanki. Kamar ɗebo wuta ne a maƙwabta, taka ta kama, tasu ba ta ragu ba. Duk wanda ke da kwafin aikin a Git, manhajar da ke adana kowane gyara, yana da tarihinsa kaf tun daga ranar farko. An yi an kuma ci riba: bayan Oracle ta sayi kamfanin Sun a 2010, akasarin 'yan sa kai na OpenOffice, manhajar aikin ofis da ke hannun Sun, suka fice a watan Satumba suka kafa LibreOffice, daga baya suka yi wa gidauniyarsu rajista a Jamus. Amma ka lura da abin da suka bari a baya: suna. Shekaru bayan nan mutane na ta neman tsohon sunan don shi suka sani. 'Yan manhajar Hudson ma a 2011 dole suka koma Jenkins saboda sunan ba a hannunsu yake ba. Akwai kuma waɗanda suka ɓalle don a ji su: 'yan io.js sun bar manhajar Node.js a ƙarshen 2014 saboda kamfani ɗaya ya kankane komai, da aka yarda da tsarin gidauniya a 2015 suka dawo aka haɗe. Su waɗannan ba gari ɗaya suke kwana ba. Ku masallacinku ɗaya, gidan suna da gidan makoki ɗaya, iyayenku wa da ƙanwa. Kuma ku bakwai in kun rabu, huɗu da uku ne, ga matsalar hatimin da na faɗa maka. A ganina lokacin ɓallewa bai yi ba. Ku ajiye ta a matsayin abin da kowa ya san yana yiwuwa, wannan sanin kaɗai kan sa shugaba ya saurara.

Da ni ne ku, shafi ɗaya zan rubuta, da Hausa, in ajiye shi a cikin ma'ajiyar manhajar inda kowa zai gani. A ciki a faɗi wane ne ɗan aiki mai ƙuri'a, da yadda sabo ke shiga, da yadda wanda ya daɗe bai leƙo ba ke komawa ɗan kallo cikin mutunci. Shugaba shekara guda, a riƙa zaɓe bayan an kai amfanin damina gida, lokacin da kowa ke da sukuni. Mutum biyu na iya neman a sauke shi, biyar cikin bakwai su zartar. Sai sharaɗin da ya fi duka muhimmanci gare ku, wanda zai yi aiki da kansa ba tare da an ci fuskar kowa ba: in gyara ya kwana talatin shugaba bai duba ba, mutum biyu daga cikin masu kula su duba su shigar. Wannan shi ne saɗaran Debian ɗin nan. Ba dole ne ka yi ba, amma kada rashin yinka ya zama shinge. Kwana ukun Apache kuwa ku mai da shi bakwai, don su ba su san a kwana biyu ba sabis ba, ba su san makon dashen shinkafa ba. In kun yi magana a majalisar mai shayi ko a zauren WhatsApp, wani ya kwashe matsayar ya rubuta a ma'ajiya, don saƙon murya na ɓacewa ranar da aka canza waya. Ku kuma ba sakatarorin ƙungiyoyin manoma kujera ɗaya, ko da ba su san ko harafi ɗaya na rubutun manhaja ba. Su ne masu gonar ƙarshen layi.

Makullan kuma kowanne ya zama a hannun mutum biyu aƙalla. Ma'ajiyar ta tashi daga asusun mutum ta koma asusun ƙungiya mai mamallaka biyu ko uku, GitHub na ba da wannan kyauta, Codeberg ma haka. Adireshin shafi ya koma kan imel na aikin. Lambobin ceto na shiga asusu a buga su a takarda, a liƙe a ambulan.

Amma biyu nake cewa, ban ce kowa ba. Akwai wata manhajar matse fayil mai suna xz da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita ba albashi. Daga 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu kyau, wasu baƙin sunaye kuma suka riƙa matsa wa Collin cewa ya cika jinkiri, ya ba wani dama. Ya gaji, ya ba shi. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa na ƙara kamar rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya tono ƙofar sirri da aka dasa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Allah ya taƙaita, ba ta kai ga bazuwa ba. Darasi biyu nake ɗauka a nan. Kada gyaran kowa ya shiga sai wani ya karanta, ko na shugaba ne. Sannan shugaban da ya yi shiru sau da yawa ba mugunta ba ce, nauyi ne ya danne shi, kunya ta hana shi cewa ya gaza. Babba juji ne, amma juji ma na cika.

Kuɗi. A nan ne zumunci ke mutuwa, shi ya sa zan ce kada ku fara da shi. In lokacinsa ya yi, ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ga mutanen da suka fi mu riƙon amana. Rubutu ba zargi ba ne. Mai amincewa a kashe daban, mai riƙe kuɗi daban, fitarwa da sa hannun mutum biyu, duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, kamar yadda sakataren ƙungiyar manoma ke karanto littafi a gindin bishiya kowa na jin sunansa. Rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ita ce za ta ba ku damar mallakar asusu da suna a matsayin ƙungiya, amma tana da ɗawainiya, har da sanarwa a jaridu biyu da jiran kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Ban ga kun kai nan ba tukuna. Kafin lokacin, wata ƙungiyar manoma mai rajista da kuka yarda da ita na iya riƙe muku, da rubutacciyar yarjejeniya, kamar yadda SPI ke yi wa Debian.

Ka ce ɗan ƙanwar babanka ne. To ai taubashinka ne, kana da lasisin da ya girmi GPL. Abin da sauran biyar ba za su iya faɗa masa ba sai an ɓata, kai za ka faɗa masa ana dariya. Kada ka rubuta masa a zauren da kowa ke ciki, kada kuma ka kai ƙara wajen gwaggo. Ka same shi kai da shi, in ya zo gida ko ka bi shi birnin. Ka tsokane shi cewa ya zama ɗan birni ya bar talakawansa da fari, ƙarfen ƙofar ruwa na rataye a ƙugunsa. In an gama dariya ka ce masa ba kujerarsa kuke so ba, sunansa na wanda ya kafa aikin ba mai goge shi, kuma in ya tsaya zaɓen farko kai ne mai fara ba shi ƙuri'a. Abin da kuke roƙo shi ne ya ƙara mutum biyu a ma'ajiya, ya ba da kwafin makullin hatimi, yau ɗin nan kana zaune, don aikin minti goma ne kuma "zan turo" ba ta da rana. Maganar kuɗi ka ce ya rubuto abin da ya tuna, har da abin da ya kashe daga aljihunsa na data da kuɗin adireshi, don ina kyautata zaton in an yi lissafi ku ma yana bin ku wani abu. Ku ba shi wata guda.

In ya ƙi, ko ya yi ta yi muku hanya-hanya har watan ya wuce, to ku shidan ku zauna, ku rubuta masa matsayarku da ladabi, ku sanar da ƙungiyoyin manoma da bakinku kafin su ji a gari, ku zaɓi sabon suna. Ko ma wanne ya faru, akwai aikin da ba ya jiran amsarsa: cikin makon nan ku bi sakatarorin ɗaya bayan ɗaya, a fitar da littafin bashin kowace ƙungiya daga wayarta, a buga shi a takarda, shugabanta ya sa hannu ya ajiye a wajensa.